An Ƙirga Daloli, Ba a Ƙirga Gawarwaki Ba

A watan Oktoban 2024 aka tara bindigogi sama da 2,400 a barikin soja na Muhammadu Buhari da ke Giri, kan hanyar Gwagwalada, aka lalata su a gaban manyan hafsoshi da 'yan jarida. Cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 domin daƙile yaɗuwar ƙananan makamai ce ta shirya taron. Irin wannan biki ba ya cika barin wani abu a kunnen mutum: a yi jawabi, a ɗauki hoto, kowa ya shiga motarsa. Amma a ranar, Malam Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, ya faɗi abin da ba a saba ji daga mai irin kujerarsa ba. Ya ce kaso mai yawa na makaman da ke hannun 'yan ta'adda da ɓarayin daji asalinsu na gwamnati ne, kuma akwai sojoji da 'yan sanda da ke ɗauka daga rumbu suna sayarwa. Ya tsine musu.

Tsinuwar ta yi daidai, sai dai ta faɗa kan na ƙarshen layi ne. Kafin bindiga ta shiga hannun kofur ɗin da zai sayar da ita a bayan bariki, wani ya ƙera ta a wata ƙasa, wata gwamnati ta ba da lasisin fitar da ita, wani dillali ya ci lada, wani kuma ya sa hannu a takarda a Abuja. Masana'antar makamai ta DICON tana Kaduna tun 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ne ya kafa injinanta, amma har yau ba ta kusa wadatar da ƙasar ba. Jirgin yaƙi, jirgi mai saukar ungulu, bam, motar sulke, mafi yawan bindigogi da alburusai, duk sayowa ake yi.

Kuma a Abuja ne, ba wani gari ba, aka fi yin alƙawarin taƙaita makamai a duk Afirka ta Yamma. A ƙarshen Oktoban 1998 shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja suka amince su dakatar da shigo da ƙananan makamai da fitar da su da ƙera su. Alpha Oumar Konaré na Mali ne ya kawo shawarar, bayan ya ƙona bindigogi kusan 3,000 a Tumbuktu a 1996 a ƙarshen tawayen Abzinawa, abin da Nijar ma ta yi a Agadas a shekarar 2000. A ranar 14 ga Yunin 2006, a Abuja dai, aka mai da alƙawarin yarjejeniya mai ƙarfin doka: ƙasar da ke son shigo da ƙananan makamai sai ta nemi izini daga hedikwatar ƙungiyar da ke Asokoro. A 2013 Najeriya ta riga kowace ƙasar Afirka amincewa da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta hana sayar da makami idan mai sayarwa ya san za a kashe farar hula da shi. A takarda babu kamar mu.

Wanda ke son ganin yadda cinikin ke tafiya a zahiri, ya bi labarin jirage 12 da ake kira Super Tucano.

A 2014, lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa, gwamnatin Goodluck Jonathan ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila. Amurka, mai ƙirar jiragen, ta hana. A Amurka akwai dokar da ake kira da sunan Sanata Patrick Leahy, wadda ta haramta taimaka wa rundunar da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ta keta haƙƙin ɗan Adam, kuma a lokacin labarin kisan da ake zargin sojoji da shi a Baga da barikin Giwa yana kan teburin kowa. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe sama da mutum 640, akasarinsu tsararrun da aka sake kamawa, bayan harin da aka kai barikin Giwa a Maris ɗin 2014. Da ƙofar gaba ta rufe, sai aka zagaya. A watan Satumba na shekarar hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin akwatuna, a wani jirgi na alfarma da ya sauka filin Lanseria daga Abuja, aka ce na sayen makamai ne. A watan Disamba kuma kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita fagen daga. Hujjarsu ita ce ba a ba su isassun makamai ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma, kuma a 2015 aka gurfanar da Kanar Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan harkokin tsaro, kan zargin karkatar da kuɗin makamai da aka ce sun kai dala biliyan 2.1, zargin da ya musanta. Ya yi shekara huɗu a tsare.

Buhari ya hau mulki da haushin wannan doka ta Leahy. A ziyararsa ta Washington a Yulin 2015 ya faɗa a bainar jama'a cewa yadda ake amfani da ita ya taimaki Boko Haram. Gwamnatin Obama ta fara sassautowa, har an kusa kammala maganar Tucano. Sai ga Rann.

A ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bama-bamai biyu a kan sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann, a Ƙaramar Hukumar Kala-Balge, kusa da iyakar Kamaru. Ana cikin rabon abinci ne. Cikin waɗanda suka mutu har da ma'aikatan Red Cross. Mutanen da suka gudo wa Boko Haram suka fake a inda sojoji suke, a nan bam ɗin gwamnati ya same su. Obama, da kwana uku suka rage masa a ofis, ya dakatar da cinikin. Wata bakwai bayan haka, a Agustan 2017, gwamnatin Trump ta amince da shi. Ba a gurfanar da kowa ba a tsakani, kuma ba wani abu da ya sauya a Najeriya. Mai shago ne ya sauya.

A Afrilun 2018 Buhari ya rubuta wa Majalisar Tarayya cewa ya riga ya cire dala 496,374,470 daga asusun rarar kuɗin mai ya biya Amurka, yana neman su amince da abin da an riga an yi. Wasu sanatoci suka yi ta maganar tsige shi, maganar ta bi ruwa. A dubi wannan adadi da kyau: an san shi har dalar ƙarshe. Mutanen Rann kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kusan 90, hukumar soja ta ce 112, shugaban ƙaramar hukumar ya ce sun binne fiye da 230. Tazarar da ke tsakanin ƙidayar farko da ta ƙarshe ta fi yawan mutanen wani ƙauyen.

Wata shida bayan wasiƙar, abin ya zo har ƙofar Abuja. A ƙarshen Oktoban 2018 sojoji suka buɗe wuta kan mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky masu tattakin Arba'in, da farko a Zuba, bayan kwana biyu kuma a wajen Karu, kan hanyar Keffi. Rundunar ta ce mutum shida suka mutu, kuma masu tattakin ne suka fara jifa. Amnesty ta ce aƙalla 45. Da surutu ya yi yawa, shafin rundunar sojan ƙasa na Twitter ya ɗora bidiyon Trump yana cewa sojojinsa su ɗauki dutsen da aka jefe su da shi tamkar bindiga. Daga baya aka goge. Ko mutum yana ƙin aƙidar 'yan Shi'a kamar mutuwarsa, ya san abin da wannan bidiyo ke nufi: mai saye ne ke nuna wa duniya cewa mai sayarwa ba shi da bakin magana. Tun a 2016 gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya bayan arangamar sojoji da mabiya Zakzaky a Zariya a Disambar 2015. Duk wannan bai taɓa kwangilar ba. Jiragen suka fara isowa a Yulin 2021, aka yi bikin ƙaddamar da su a filin jirgin sama na Abuja a ƙarshen Agusta.

Akwai wani abu da ya biyo baya wanda Bahaushe kaɗai zai ji daɗin ban dariyarsa, idan da dariya a ciki. An sayar da jiragen ne domin yaƙi da ta'addanci, ga shi kuma wutar da ta fi ci a lokacin tana Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, inda masu kisan a idon doka ɓarayi ne kawai. Saboda haka a Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana wasu ƙungiyoyi biyu a matsayin na ta'addanci, sunayensu a takardar kotu «Yan Bindiga» da «Yan Ta'adda». Kowa ya san waɗannan ba sunayen ƙungiya ba ne, kalmomi ne da muke kiran duk wani mai bindiga da su. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, bai ɓoye ba cewa matakin zai share hanyar amfani da Tucano a kansu. Idan sunan abokin gaba ya zama «duk mai bindiga a daji», to ɗan sa-kai da ke tsaron ƙauyensu, da makiyayin da ke bin shanunsa, da ayarin masu babura da ke dawowa daga kasuwa, daga sama dukansu kama ɗaya suke.

Haka kuwa aka yi ta gani. Mutunji a Zamfara, Disambar 2022, mutum sama da 60. Makiyaya a yankin Doma na Nasarawa, Janairun 2023, kusan 40, suna sauke shanun da suka karɓo. Ƙauyuka biyu a Silame ta Sakkwato ranar Kirsimetin 2024. Tungar Kara a Zamfara, Janairun 2025, inda waɗanda suka mutu 'yan sa-kai ne da suka fito bin sawun ɓarayi. Wanda ya fi tsaya wa mutanen Arewa a rai shi ne Tudun Biri, a Ƙaramar Hukumar Igabi, daren 3 ga Disambar 2023. Ana Mauludi, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam. Waɗanda suka tsira sun ce da mutane suka taru kwashe gawarwaki da masu rauni, sai aka saki na biyu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne 85, mutanen gari da Amnesty suka ce adadin ya haura 100. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri, abin da ba a saba gani ba, kuma a 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja.

Tudun Biri ta nuna wani abu dabam. Jiragen Najeriya marasa matuƙi masu ɗaukar makami ba daga Amurka suke ba, daga Sin da Turkiyya ake sayo su, kuma waɗannan ƙasashe ba su da wata doka irin ta Leahy. Kasuwar ta buɗe sosai: JF-17 daga Pakistan, Mi-35 daga Rasha, T129 daga Turkiyya, M-346 da aka yi odarsu daga Italiya. Duk mai sayarwa ya san idan ya yi tsada da sharaɗi, maƙwabcinsa zai sayar ba tambaya. Wannan ita ce hujjar da ake kafawa a Washington duk lokacin da wani ɗan majalisa ya ɗaga yatsa. A 2021 wasu sanatocin Amurka sun riƙe cinikin jirage masu saukar ungulu 12 ƙirar AH-1Z saboda batun haƙƙin ɗan Adam. A Afrilun 2022 aka sake shi a kan dala miliyan 997, aka ware miliyan 25 a ciki domin horo kan yadda za a kauce wa farar hula.

Ba yau aka fara ba. A 1967, farkon yaƙin basasa, da Amurka ta ƙi sayar wa Gowon makamai, Ingila kuma ta yi ƙememe kan jiragen yaƙi ko da yake ta ci gaba da ba da bindigogi da alburusai da motocin sulke, sai Tarayyar Sobiyet ta shigo da MiG-17, aka sauke su a Kano. Matuƙa daga Masar suka tuƙa wasu, kasuwanni da asibitoci na yankin Biyafara suka sha bam. Faransa kuma ta riƙa tura wa Ojukwu makamai ta Gabon da Kwaddibuwa, daidai abin da zai hana shi faɗuwa ba tare da ya isa ya ci nasara ba. Yaƙin da aka zata na makonni ya kai wata 30, yara suka mutu da yunwa. Ba wata ƙasa cikin waɗannan da ta shigo domin tausayin Ibo ko Bahaushe.

Wannan duk ƙofar gaba ce. Ɗan bindigar da ke tare hanyar Funtuwa ko ya sa wa ƙauye haraji a Sabon Birni ba ya jiran amincewar wata majalisa, amma bindigarsa ma wata gwamnati ce ta fara sayen ta da halalinta. A Janairun 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research, mai bin lambobin da ke jikin makamai, ta fitar da sakamakon binciken bindigogin da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara. Wasu sun fito daga rumbun sojan Kwaddibuwa, wasu daga na Libiya da ya watse bayan kashe Gaddafi a 2011, wasu ƙirar Turkiyya ne da suka shigo ta ruwa, wasu kuma na jami'an tsaron Najeriya ne. Bindigar da aka sayar wa Gaddafi tun kafin a haifi yaron da ke riƙe da ita yau, har yanzu tana tashi. AK-47 ba ta tsufa da wuri, gwamnatoci ne ke faɗuwa su bar ta. Sai ta bi Sahara ta Agadas, ta gangaro iyakar da dangi ɗaya ke zaune a hagu da dama, a Jibiya ko Illela, a ƙarƙashin buhun hatsi ko cikin jarka.

Ta teku ma haka. A Oktoban 2010 aka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa da aka rubuta kayan gini ne, aka tarar da rokoki da gurneti da alburusai daga Iran, kotu ta ɗaure wani Ba'iraniye da abokin hulɗarsa ɗan Najeriya shekara biyar-biyar a 2013. A 2017 kaɗai kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas, akasarinsu daga Turkiyya. A tsakiyar 2024 aka sake kama 844 da alburusai 112,500 a tashar Onne. Waɗannan su ne kwantenonin da aka buɗe.

Sai ɓarawon gida, wanda Ribadu ya tsine wa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai da alburusai 178,459 na 'yan sanda da ba a ga bayaninsu ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Hukumar 'yan sanda ta yi jayayya da yadda aka fassara alƙaluman, ta ce wasu suna hannun jami'an da ke bakin aiki, wasu an ƙwace su ne a hare-hare. To, ko a rage rabi, abin da ya saura ya isa ya ɗaura wa runduna guda ɗamara. Ga kuma abin da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ke kwashewa duk lokacin da ta ci sansani, kamar Metele a Nuwambar 2018. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ƙasar da ke ci gaba da cika rumbun da ta san yana yoyo ba za ta ce ba ta san inda ruwan ke zuwa ba. A 2021 Janar Abdulsalami Abubakar ya ce ƙananan makaman da ke hannun farar hula a Najeriya sun haura miliyan shida.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa idan ba a taka mata birki ba, ya dubi gabas. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Darfur a watan Mayun 2006, makonni kaɗan kafin ta makaman ECOWAS. Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta kai makamai Darfur tun sama da shekara 20. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin Janar Burhan da Hemedti a Afrilun 2023, kowane ɓangare da mai cika masa rumbu. Ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ɗaukar nauyin dakarun RSF na Hemedti, tana musantawa, yayin da jirage marasa matuƙi na Turkiyya da Iran ke hannun sojan gwamnati. Amnesty ta gano na'urorin kamfanin Faransa a jikin motocin sulke ƙirar Daular a fagen yaƙin. Da El-Fasher ta faɗi a Oktoban 2025, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna tarin gawarwaki a tituna. Sudan ba nesa ba ce ga Bahaushe. Hanyar hajjin kakanninmu ce, kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi suna nan a Mai Wurno, a bakin kogin Nilu.

Ba wanda ya taɓa kwana a daji a hannun masu garkuwa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, da zai ce kada Najeriya ta sayi makamai. Mutanen da jirgi ya kashe wa 'yan'uwa a Zamfara su ne dai waɗanda ke roƙon a turo jirgi idan ɓarayi sun kewaye gari. Mazauna Abuja ma sun ɗanɗana: jirgin ƙasa na Kaduna a Maris ɗin 2022, gidan yarin Kuje a Yuli. Abin da ya rage a yi tambaya a kansa shi ne lissafi. Majalisar da ta tashi tsaye saboda an taɓa asusun rarar mai ba da izininta ba, ba ta taɓa tilasta a karanta mata sunayen mutanen Rann ba. Ƙasashen da ke karɓar kuɗin sukan tura masu duba ko jirgin yana nan a sansaninsa na Kainji, ba sa tura mai duba inda bam ɗin ya sauka. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wato ƙasashen da makaman Sahara ke ratsawa ba su da sauran wata takardar izini da za su nema a Asokoro.

A watan Agustan 2025 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta amince da wani sabon ciniki da Najeriya, na dala miliyan 346. Wannan karon ba jirage ba ne, abin da jiragen ke jefawa ne. Sanarwar ta lissafa kayan dalla-dalla: rokoki 5,000, da bama-bamai ƙirar MK-82 masu nauyin fam 500 kowanne, guda 1,002.